Abin da ya kai mu Matemwe

Da maigida ya ce mu je hutu mu biyu bayan shekara 10 da aure, sharaɗina ɗaya ne: wurin da babu hayaniya. Na gaji da ƙarar janareto da hon ɗin 'yan adaidaita sahu.

Muka tsayar da magana a kan Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, domin galibin mutanenta Musulmi ne. Hankalinmu a kwance yake kan abinci, kiran sallah kuma har ɗaki. Duk wanda muka tuntuɓa sai ya ce Nungwi, amma can baƙi suka fi cika, ga kiɗa har tsakar dare. Sai muka kama ɗaki a wani ƙaramin otal a Matemwe, arewa maso gabashin tsibirin.

A wannan gefen ruwan teku yakan janye nesa sau biyu a rana, iyo ya gagara sai ya dawo. Wasu na kukan haka, ni kuwa shi na fi so. Mukan taka farin yashi a hankali, muna kallon mata suna tsintar ciyawar teku, ga tsibirin Mnemba can muna hangensa.

Ku guji Afrilu da Mayu, ruwan sama ake tafkawa. Mu a Agusta muka je, iska mai sanyi har asuba.