Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Na Kai Yara Bakin Gongola

Makon jiya na tsaya a inda aka turo ni koyarwa Dadin Kowa. A 1996 ne, shekarar da aka cire Gombe daga Bauchi. Can na haɗu da hedimastan nan. Ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, amma maganarsa har yau tana ci min rai.

Yara uku a ajina suna fitsarin jini, iyayensu kuma na cewa alamar balaga ce. Sai maganar Baffa ta faɗo min: ruwa ba ya tsami banza. Shi kan rigimar gado yake faɗinta, ni kuwa a ranar ruwan gaske na gani.

Na je ofis na ce, "Ranka ya daɗe, ina so in kai 'yan aji shida bakin kogi." Ko kai bai ɗago ba, ya ce, "Malam, koyarwa aka ɗauke ka ko kamun kifi?" A gaban malamai!

Ranar Asabar na kai su, da yardar iyayensu. Kowa ya ɗebi ruwa a kwalba muka jera a inuwa. Kafin azahar laka ta kwanta a gindin kwalaben, kaurin yatsa. Na ce wannan ƙasar gonar wani ce, wanda ya sare itatuwan gaɓa ya yi noma har bakin ruwa. Kogin nan daga tsaunukan Jos ya taso, sai Numan yake faɗawa Binuwai, abin da ya kwaso a hanya kuwa cikin dam ɗin Dadin Kowa yake zubewa, kuma a yau dam ɗin nan shi ke shayar da garin Gombe.

Sannan na sa sanda na ɗago ciyawa, ga ƙananan katantanwa manne. Na ce ga gidan tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe su shige katantanwa, su fito su huda fatar mai wanka. Wani yaro ya ja da baya, idonsa ya cicciko. Ya ce, "Malam, ashe ciwo ne?"

Shekarun da suka biyo baya ba na riƙe su sosai, an yi ta yawo da ni daga wannan makaranta zuwa waccan. Amma bara a kasuwar Gombe wani magidanci ya durƙusa ya gaishe ni, ashe yaron ne, yanzu ma'aikacin asibiti. Ya ce ya dasa itatuwa a gaɓar gonar mahaifinsa. Baffa bai ga wannan ba, Allah Ya jiƙansa.

Koyarwa ko kamun kifi! Ranar Litinin takardar tuhuma na tarar a kan teburina. Amsar da na rubuta masa, da abin da Inna ta ce da ta ji, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.