A layin awon ciki

Yau da safe na raka ƙanwata awon ciki a wani asibiti a nan Jos, muka tarar da wata yarinya 'yar shekara 14 a kan benci, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya ƙi shiga, tana riƙe da shi a hannu. Da ma'aikaciyar jinya ta auna jininta, sai ta dubi dattijuwar da ta kawo ta, ta ce, "Mama, tun yaushe take wannan ciwon kai?" Dattijuwar ta ce ai laulayi ne, kowace mai cikin fari haka take yi. Nan take aka shige da yarinyar ciki, ba ta jira layi ba.

Kumburi da ciwon kai da hawan jini su ne ke share wa jijjiga hanya, wato ciwon nan mai kama da farfaɗiya da ke kama mai ciki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciki 'yan shekara 10 zuwa 19 sun fi 'yan 20 zuwa 24 fuskantarta. Ko yarinya ta tsallake wannan, ƙugun da bai gama girma ba kan jawo doguwar naƙuda, kan jariri ya danne mafitsara har ta huje, abin da ke kai mata da yawa sashen yoyon fitsari na asibitin Jankwano da ke nan Jos. Dattijuwar ba mugunta ta yi ba, iyakar saninta ke nan, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai.