Sanda mai mita ɗaya da inuwar zawali: auna duniya daga filin makaranta a Sakkwato

Littattafan kimiyya da yawa suna cewa da ƙarfe 12 na rana inuwa ta fi gajarta, kuma arewa take fuskanta. Malamin da ya kwafa wannan a allo a Sakkwato ya koyar da kuskure biyu a jimla ɗaya. Sanda da alli sun isa su gyara su, kuma da su ɗin ne aji zai auna kewayen duniya.

Mu fara da agogo. Lokacin Najeriya an ɗora shi ne a kan layin digiri 15 gabas, alhali Sakkwato tana kan digiri 5.2. Rana tana cin minti 4 kafin ta ƙetare digiri ɗaya, don haka zawali yakan makara mana da kusan minti 39. Shi ma ba tsaye yake ba: a farkon Nuwamba yana zuwa wajen 12:23, a tsakiyar Fabrairu sai 12:53. Duk ɗalibin da ke lura da yadda lokacin Azahar ke matsawa ya riga ya san wannan, ba a dai taɓa haɗa masa shi da darasin aji ba.

Sai alkiblar inuwa. Birnin yana digiri 13 arewa da ikweta, wato cikin yankin da rana kan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen 25 ga Afrilu da kuma wajen 18 ga Agusta. Tsakanin ranakun nan biyu, inuwar zawali kudu take kwantawa. Sanda mai mita ɗaya tana ba da inuwar santimita 18 zuwa kudu a ranar 21 ga Yuni, santimita 23 zuwa arewa a 21 ga Maris da 23 ga Satumba, santimita 74 zuwa arewa a 21 ga Disamba. A rubuta alƙaluman nan a bayan littafin shirya darasi, domin da su za a gane ko awon yara ya kauce.

Kayan aiki ba su da yawa: sanda miƙaƙƙiya ko guntun rodi, tef na awo, alli, zare da aka ɗaura wa noti a ƙarshe, da daɓen siminti wanda rana ke dukansa tun daga hantsi har bayan Azahar. A kafa sandar cikin gwangwanin da aka cika da yashi. Tsawon da za a rubuta daga daɓe ne zuwa kan sandar, inuwa kuma daga daidai ƙarƙashin sandar ake aunata, shi ya sa ya kamata a zana da'irar gindin gwangwanin a sa ɗigo a tsakiyarta tun kafin a ajiye shi.

A nan aikin ya fi lalacewa. In sandar ta karkata da digiri ɗaya kacal, kanta ya gusa da santimita 1.7, inuwar ma haka. Ido ba ya kama karkata irin wannan. A saki zaren mai noti kusa da ita kamar yadda magina ke yi wa bango, a duba ta gabas, a sake dubawa ta arewa. Daɓen kuma a zuba masa ruwa kaɗan. In ya gangara gefe guda, a nemi wani wuri. Abu na uku shi ne bakin inuwar, wanda ba ya fita tsaf. Faɗin rana a sama rabin digiri ne, wannan ke sa ƙarshen inuwar ya yi dishi-dishi na kusan santimita ɗaya, yara uku su ba ka amsa uku. Maganinsa a huda marfin gwangwani da ƙusa, a ɗaura shi a kwance a kan sandar, a riƙa sa alama a tsakiyar ɗigon hasken da ya faɗo ƙasa. In an yi haka, daga ƙarƙashin hudar ake fara awo, zaren ne zai nuna wurin.

Gano zawali da jiran inuwa mafi gajarta yana da wuya, don a daidai lokacin tsawonta ba ya wani canjawa na kusan minti goma. Dabarar da ta fi ita ce da'ira. Da misalin ƙarfe 10:30 a sa alama a bakin inuwa, a zana da'ira da zare daga gindin sanda ta bi ta kan alamar. Bayan Azahar, inuwar za ta sake taɓa da'irar, a sa alama ta biyu. Layin da ya tashi daga gindin sanda ya ratsa tsakiyar alamomin biyu shi ne kudu da arewa na gaskiya. Daga ranar, duk sa'ad da inuwa ta hau kan layin nan, zawali ya yi.

Wani masani mai suna Eratostenis, a Iskandariya ta Masar, wajen shekara ta 240 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kwatanta inuwar garinsa da ta Aswan ya sami bambancin digiri 7.2, kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Aji zai iya maimaita aikinsa in ya sami makaranta abokiyar aiki a kudu. Kano ba za ta yi ba, tazararta da mu daga arewa zuwa kudu wajen digiri ɗaya ce kawai, kuskuren awo zai haɗiye ta. Akure ce ta dace: kusan layi ɗaya take da Sakkwato daga arewa zuwa kudu, zawalinmu ɗaya. Ranar 21 ga Maris, wajen 12:46, mu za mu sami santimita 23, su kusan 13. A zana tsawon sanda da na inuwa a takarda bisa sikeli, a auna kusurwar sama da ma'aunin kusurwa: digiri 13 a nan, 7.2 a can, bambanci 5.8. Nisan garuruwan a miƙe kusan kilomita 645 ne. A raba 360 da 5.8, a ninka da 645, amsar ta faɗo kusa da kilomita 40,000, kewayen duniya ke nan. Kada a ɗauki nisan hanyar mota, zai kumbura amsar. Kuskuren santimita ɗaya a inuwa kuwa yana kawar da ita da wajen kilomita 4,000, don haka ajin da ya samo 36,000 ko 44,000 ya yi aiki mai kyau, a yaba masa.

Ranar da inuwa ke ɓacewa, wato ranar da rana ke tsayawa daidai tsakar ka, ba ɗaya ba ce a faɗin jiha. Tambuwal tana riga birni da kamar kwana biyu a Afrilu, Illela tana biyo baya da kwana biyu. Ta Agusta ba abin dogaro ba ce, ga dogon hutu ga hadari. Ta Afrilu kuwa zafi yakan haura digiri 40, don haka a jera kwalabe da gwangwanaye a kan daɓe tun da wuri, yara su fake a baranda da ruwan sha, a fito da su rukuni-rukuni daga 12:30, su ga inuwar ta shige ƙarƙashin kowace kwalba da misalin 12:37.