Yadda Waƙarka Za Ta Samu Shiga Rediyon Jami'o'in Amurka

A Amurka an keɓe zangon FM daga 88.1 zuwa 91.9 ga tashoshin da ba na kasuwanci ba, kuma a nan yawancin rediyon jami'o'i suke, kamar KALX ta Berkeley a 90.7 da KXLU ta Los Angeles a 88.9. Mawaƙin da ba shi da babban kamfani a bayansa, nan ce ƙofarsa, don masu zaɓen waƙa ɗalibai ne da 'yan sa-kai, kunnensu suke bi.

Wanda za ka nema shi ne daraktan kiɗa. Galibi ɗalibi ne mai jarrabawa a gabansa, ga saƙonni jibge a akwatinsa. Duk abin da zai ƙara masa wahala, kai zai ja wa asara. Kada ka liƙa fayil a imel, akwatin ne zai cika ya goge. Tura mahaɗin saukewa wanda ba ya neman rajista, da WAV ko MP3 mai 320 kbps, sunanka da na waƙa da na kundi duk a rubuce cikin fayil ɗin. Waƙar da ta sauka ba suna, ta ɓace ke nan. Mahaɗin Spotify kaɗai ba ya wadatarwa, tunda ba za su iya zuba shi a rumbun tashar ba. Wasu tashoshin har yanzu faifan CD suke so, sai ka duba shafinsu kafin ka aika.

Haɗa da takarda shafi ɗaya tak: ranar fitowa, waƙoƙi biyu ko uku da ka fi so a sa, tsawon kowacce, sunayen mawaƙan da salonku ya yi kama, da yadda ake furta sunanka.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne batun batsa da ashar. Hukumar FCC, mai kula da harkar watsa shirye-shirye a Amurka, ta hana watsa irin waɗannan kalamai daga 6 na safe zuwa 10 na dare, tarar kuwa tana iya durƙusar da ƙaramar tasha. Don haka ka nuna ƙarara waƙar da take tsaf da wadda ba ta. Mai waƙa da Hausa sai ya ƙara himma a nan, domin daraktan ba ya jin abin da kake faɗa, kuma mai shakka ajiyewa yake yi. Tura masa baitukan da fassararsu, ka rufe wannan ƙofar.

A ganina, bin shiri ya fi bin tasha. Tashoshi da yawa suna ajiye jerin abin da suka kunna a shafin intanet na Spinitron, kowa na iya dubawa. Nemo shirin kiɗan Afirka, ka ga ko mai gabatarwar yana sa 'yan Nijar ko Mali, ka rubuta masa kai tsaye. Tashoshi 30 da ka tantance sun fi 300 da ka watsa wa saƙo iri ɗaya.

Lokaci ma yana da nasa. Ranar Talata tashoshi ke kai rahotonsu ga jadawalin NACC, wato jerin waƙoƙin da rediyon jami'o'i suka fi sawa, wanda ya cike gurbin tsohon jadawalin CMJ, saboda haka ka aika mako biyu zuwa uku kafin Talatar da kake hari. Ƙarshen Disamba da hutun bazara, harabar jami'a wayam take. Bayan mako biyu ka tuntuɓa sau ɗaya cikin ladabi, naci yana sa a toshe ka. Kada ka kuskura ka yi tayin kuɗi don a sa waƙa, biyan ɓoye laifi ne a dokarsu.

Kuɗin da ke dawowa kaɗan ne. Rediyon FM a can marubucin waƙa kawai yake biya, ta hannun ASCAP ko BMI, ƙungiyoyin da ke karɓar wa marubuta kuɗin haƙƙin mallaka, rabon mai rerawa kuwa daga watsawar intanet yake fitowa, ta ƙungiyar SoundExchange. Yi rajista da su tun kafin waƙar ta fita.