Gajiyar da barci ba ya maganinta

Mai kitsona ce ta fara lura. Tana cikin tsefe min kai sai ta tsaya, ta nuna min gashin da ya cika mataji, ta ce, "Anti, wannan ba zubar gashin jego ba ce, jegonki ya daɗe da wucewa. Dubi girarki ma, gefenta ya zube."

Bazara ce lokacin, ana zafin da kowa ke kwana a tsakar gida, ni kuwa ina ɗaki da bargo. Tun bayan isha'i nake barci har asuba, amma in tashi kamar wadda ta kwana tana daka. Dugadugaina suka yi faso, bayan gida ya zama sai da ƙyar, riguna suka matse ni alhali cin abincina raguwa ya yi. Jinin al'ada ya ƙaru. A aji kuwa, sunan yaron da na sani sarai sai ya ɓace min ina kallonsa.

A gida kowa da fassararsa. Inna ta ce sanyi ne ya shige ni, aka dafa sassaƙe. A kemis aka ce taifod da maleriya, aka ɗaura min ruwa. Abin da ya fi min ciwo shi ne zaton da aka yi cewa son jiki ne. Ba wanda ya faɗa a gabana, amma mace ta san irin kallon da ake mata idan baƙi suka shigo da hantsi ba ta yi shara ba.

Likitar da ta gano matsalar yatsu ta sa a wuyana, ta ce in haɗiyi yawu, sannan ta tura ni gwajin jini: TSH, T4 da anti-TPO. A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata 'yar halitta da ake kira tairod, ita ce mai kumbura ta zama maƙoƙo. Sinadaran da take fitarwa, irin su T4, su ke saita saurin aikin jiki, daga bugun zuciya da ɗumi har narkewar abinci. TSH kuwa saƙo ne daga ƙasan ƙwaƙwalwa mai umartar ta da aiki, shi ya sa idan ta gaza yake hauhawa. Nawa ya hau, T4 ya sauka. Gwaji na ukun ne ya nuna dalili: garkuwar jikina ce ke kai wa tairod ɗin hari, tana cinye ta a hankali. Sunan ciwon Hashimoto, sunan likitan Japan, Hakaru Hashimoto, da ya yi bayaninsa a 1912. Mata ya fi kamawa nesa ba kusa ba.

Da jin an ambaci maƙoƙo sai shawarwari suka fara zuwa: ki ƙara gishiri mai aidin. Gaskiya ne ƙarancin aidin na kawo maƙoƙo, shi ya sa ake zuba shi a gishirin da muke saya. Amma nawa ba shi ba ne, kuma yawan aidin na iya ƙara dagula Hashimoto.

Maganin ƙwaya ɗaya ce 'yar mitsitsiya, levothyroxine, mai maye gurbin abin da jiki ya kasa samarwa. Tana da sharaɗi. Da ruwa zalla ake shan ta, ciki ba komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin koko ko shayi. Maganin ƙarin jini da na kalsiyam sai an ba su tazarar awa 4, don suna hana ta shiga jiki. Da azumi nakan farka tun kafin kowa in sha, sannan in ɗora sahur. Kuma ba ta aiki dare ɗaya, sai bayan mako 6 zuwa 8 ake sake gwaji a ga ko adadin ya yi daidai. Ni sai da aka ƙara min kafin na ji ƙarfina na dawowa.

Raina na ɓaci idan na ji an ce wa mace, "Ai kin warke, ki bar shan maganin nan kada ya zame miki jiki." Sauƙin da ta samu daga ƙwayar yake, idan ta bari, cikin 'yan makonni gajiyar za ta dawo. Mai juna biyu ma ba ta bari, yawanci ƙara mata ake yi, domin a watannin farko ƙwaƙwalwar jariri da sinadarin uwa ta dogara.

Ciwon yana bin dangi. Da na ji babbar 'yar Yaya tana kukan gajiya da yawan jini, kuma ta yi ɓari, na kira uwar na ce, "Yaya, don Allah kafin a sake ɗaura mata ruwa, a roƙi likita ya rubuta mata TSH." Sun je an ɗebi jinin, ranar Alhamis za su karɓo sakamako.