Faranti na biyu

Shekara 3 ke nan ina zuwa kicin ɗin ikilisiyarmu kowace Laraba, kuma har yau ba a yarda in sa gishiri a tukunya ba. Mama, kamar yadda muke kiran matar da ke riƙe da wurin tun kafin a san da ni, ta ce hannuna ba shi da ma'auni. Aikina yankan albasa, ɗaukar tukwane, zuba abinci in an rasa mai zubawa, sai wanke-wanke. Wanke-wanken ya fi yawa.

Gara in faɗi gaskiya, ba tausayi ne ya kai ni ba. A shekarar ne mahaifina ya rasu bayan doguwar jinya. Na yi addu'a, na yi azumi, na kira duk wanda na san bakinsa na da albarka ya taya ni, amma ya tafi. Ban daina zuwa sujada ba. Ina zuwa, in zauna a bencin da na saba, in motsa baki lokacin waƙa, in sa baiko, in koma gida kamar wanda ya je biyan kuɗin wuta. Wata Lahadi aka yi sanarwa ana neman maza biyu masu ƙarfi saboda ɗaukar tukwane, matata ta zungure ni da gwiwar hannu. Ta gaji da ganina zaune a falo ba um ba um-um. Na je ne don ta ƙyale ni.

Ranar farko na saka rigata mai kyau, har na tanadi wata aya a zuciya ko da wani zai nemi kalmar ƙarfafawa. Mama ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ɗana, ka iya kankare ƙanzo?" Na ce na iya. Ta miƙo mini soso da cokali, ta nuna mini wata tukunya da yaro zai iya zama a ciki. Ban ga fuskar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka zo cin abinci ba a ranar. Na koma gida da baƙin tukunya har gwiwar hannu, na yi barcin da rabona da irinsa tun asibiti.

Tsarin wurin ba shi da wuya. Muna farawa da ƙarfe 7 na safe, a buɗe ƙofa da ƙarfe 12. Mutum 80 zuwa 100 ke zuwa, ya danganta da inda wata ya kai, don ƙarshen wata layin ya fi tsawo. Ba a tambayar kowa me ya kawo shi, ko wane addini yake bi. Ana yin addu'a gajera kafin a fara zubawa, wanda ya ga dama ya sunkuyar da kai. Shi ke nan.

A kan wannan "shi ke nan" ɗin an taɓa kai ruwa rana. Wani dattijon ikilisiya, mutumin kirki wanda nake ganin girmansa, ya kawo shawarar a riƙa yin wa'azin minti 20 kafin a buɗe tukunya, don in an fara ci ba wanda zai saurara. Mama ta ce masa, "Baba, in ka riƙe abincin mutum har sai ya ji ka, ai sayar masa ka yi." Ni ina bayanta a wannan. Wasiƙar Yakubu 2:15-16 ta yi maganar wanda ke ce wa ɗan'uwa mai yunwa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba tare da ya ba shi komai ba, ta kuma tambaya ina amfanin haka. Ƙungiyar Salvation Army, wadda ta samo asali daga aikin da William Booth ya fara a gabashin Landan a 1865, an san ta da kalmomi uku da take jerawa: miya, sabulu, ceto. Ba wanda zai zargi Booth da rowar wa'azi, amma ga inda miya ta zo a jerin. An daidaita a kan cewa fasto zai riƙa zama a gefe bayan an ci, mai son magana ya same shi. Suna samunsa kuwa, fiye da yadda muka zata.

Ni akanta ne. Ƙirge ya zame mini jiki, ko ban yi niyya ba sai in tsinci kaina ina lissafin faranti. Da aka fara barina in zuba abinci, nan da nan na lura da wani tsoho mai zuwa da cokalinsa naɗe a cikin hankici. Yakan zauna a kujerar ƙarshe kusa da taga, ya kwance hankicin a hankali, ya goge cokalin, ya ci rabin abincinsa kawai. Sauran ya juye a wata 'yar roba. Sannan ya dawo wajena ya ce, "Yaro, a taimaka da na maƙwabciyata." Kullum. Mako 6 ina zuba masa ina ƙunƙuni a ciki, don na san yadda buhu ke raguwa a sito. Na bakwai na kai ƙara wajen Mama, na ce ina jin tsohon nan sayarwa yake yi. Ba ta ko ɗago daga abin da take yankawa ba. Ta ce, "In za ka bi shi ka gani, bi shi. In ba za ka bi shi ba, zuba."

Ban bi shi ba, na ci gaba da zubawa da fuska a murtuke. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to ni tabarmar kawai nake shimfiɗa masa, kuma na tabbata ya gani.

Ruwan sama ne ya haɗa mu. Wata Laraba aka tsuge kamar da bakin ƙwarya, ga shi da sanda a hannu ɗaya, roba biyu a ɗayan. Mama ta miƙo mini lema ba ta ce komai ba. Tafiyar minti 15 ce amma ta ɗauke mu kusan 40. A bakin ƙofa ya tsaya yana neman hanyar sallamata, sai wata murya daga ciki ta ce a shigo da baƙon daga ruwa. Ɗaki ɗaya ne. Tana kwance a katifa, ɓarin jikinta ɗaya ba ya motsi. Warin ɗakin na san shi, warin man shafawa da zanen gadon da aka wanke ya ƙi bushewa, irin na ɗakin mahaifina a watanninsa na ƙarshe. Matarsa ce. Shekara 41 suna tare. Ya kasa tsayawa a gaban jama'a ya ce shi ne mijin da ba ya iya ciyar da matarsa, shi ya sa ta zama maƙwabciya.

Ya zauna a bakin katifar, ya kwance hankicin, ya fara ba ta a baki da cokalin nan. Ashe ba don tsantseni yake yawo da shi ba, ƙarami ne, shi kaɗai ke shiga bakinta ba tare da ta zubar ba. Na tsaya riƙe da lema tana ɗiga a ƙasa, na rasa inda zan sa idona. Ta tambaye ni iyayena, na ce Baba ya rasu bara. Ta ce, "Allah ya ta'azantar da kai, ɗana," harshenta na hardewa. Mutum nawa suka faɗa mini wannan kalma a wajen makoki, ban san adadi ba, duk da son ƙirgena. A ɗakin nan ne na fara cewa amin da gaske.

Ba na son in mai da wannan labarin abin da ba shi ba ne. Ba wai na fito daga ɗakin duk tambayoyina sun warware ba. Har yanzu ban san dalilin da ya sa mahaifina ya sha wahalar da ya sha ba. Abin da ya canza shi ne na koma buɗe Littafi Mai Tsarki, kuma sai na riƙa cin karo da abinci a wuraren da na sha wucewa ban lura ba. Rikicin farko da aka rubuta a kan tsarin ikilisiya, a Ayyukan Manzanni sura 6, a kan rabon abinci ne: Yahudawa masu jin Helenanci sun yi gunaguni ana tsallake gwaurayensu a rabon yau da kullum. Aka zaɓi mutum 7 su kula da tebur, kuma sharaɗin da aka sa shi ne su zama cike da Ruhu da hikima. Don raba abinci fa. Istifanas, wanda aka fara kashewa saboda sunan Yesu, daga cikinsu ya fito. Duk ranar da muka yi cacar baki a kan wa ya ɗauke babban ludayi, ina tuna wannan in ji sanyi, ashe gadonmu ne.

Kuma abin bai tsaya a zamanin manzanni ba. A wajen shekara ta 251, Karniliyus bishop na Roma ya rubuta cewa ikilisiyar birnin na ɗaukar nauyin gwauraye da mabukata sama da 1,500, a lokacin da zama Kirista na iya kai mutum kurkuku. Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka, sarki Yuliyan na Roma, wanda ya bar Kiristanci yana ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumaka, ya yi ƙorafi a wata wasiƙa cewa "Galilawan" nan, wato Kiristoci, ba matalautansu kaɗai suke ciyarwa ba, har da na maguzawa. Abin da ya dami sarki ke nan, tukunya.

Akwai ranar da abinci ya ƙare. Laifina ne, hannuna ya yi nauyi a farkon layi, ludayi ya kankari gindin tukunya da sauran mutum 9 a tsaye. Na sha karanta labarin ciyar da mutum 5,000 da gurasa 5 da kifi 2, labarin da ke cikin Linjila duka huɗu, kuma a ranar na gane wanene ni a cikinsa. Filibus ne, wanda Yahaya 6:7 ya ce ya yi lissafi nan take cewa gurasar dinari 200 ma ba za ta isa kowa ya sami kaɗan ba. Lissafinsa daidai ne. Nawa ma daidai ne, kuma tukunyarmu ba ta ƙaru ba. Muka turo hannu a aljihu, wani ya ruga ya sayo burodi. Mutum 2 ba su jira ba. Wata mata ta wanke ni tas, ta ce tun safe take tafe da ƙafa, kuma ban da abin da zan ce mata sai haƙuri. Tun daga ranar nake ƙirga layi kafin in ɗaga ludayi, Mama kuma ta yarda cewa ƙirgena na da rana.

Mutane kan tambaye ni ko rayuwar masu zuwa tana canzawa. Ta wasu. Akwai saurayin da ya riƙa zuwa a buge, sau biyu muna fitar da shi saboda faɗa. Wata rana ya tsaya bayan an watse ya fara tattara faranti ba wanda ya sa shi, Mama ta yi kamar ba ta gani ba, da mako ya zagayo ta ajiye masa wuƙa da albasa. Yanzu ya fi ni sauri nesa ba kusa ba, ya sami aiki a wani gidan abinci, Laraba ce ranar hutunsa kuma a nan yake yin ta. Akwai kuma wanda muka yarda da shi har muka ba shi mabuɗin sito, ya tafi da tukunyar gas, ba mu sake ganinsa ba. Yawancinsu kuwa suna nan yadda suke, suna zuwa, su ci, su tafi, su dawo. Da wannan yana damuna. Sai na lura a Matiyu 25 abin da Sarkin, wato Yesu, ya ce shi ne ya ji yunwa aka ba shi abinci, bai ce komai a kan yadda mai yunwar ya ƙare ba.

Dokar Mama ta ƙarshe ita ce masu hidima su ci a ƙarshe, a tebur ɗaya da kowa, a faranti iri ɗaya. Ba a kai abinci kicin a ci a ɓoye. Na fi shekara ina zillewa da sunan wanke-wanke.

Matar tsohon ta rasu watan jiya. Na je jana'izar, mu 11 ne har da fasto. Mako 2 bai zo ba. Larabar da ta wuce na hango shi a layi, ya ƙara ramewa, sanda a hannu, babu roba. Kafin ya iso gabana hannuna ya riga ya zuba faranti biyu, yadda ya saba. Ya dubi farantan, ya dube ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara neman mayar da ɗaya cikin tukunya, sai ya ce, "Bar shi, yaro. Kai ka ci?"

Na ce ban ci ba. Na miƙa wa saurayin nan ludayi, na bi tsohon zuwa kujerar ƙarshe kusa da taga. Ya kwance hankicinsa, ya goge ƙaramin cokalin, ya ce in sa mana albarka.