Daga bagaden tagulla zuwa bayan labule

Shekara da shekaru addu'ata ta asuba ba ta wuce jerin buƙatu ba. Da zarar na durƙusa sai in fara da kuɗin makarantar yara, in bi da kuɗin haya, in ambaci ciwon ƙafar mahaifiyata, kafin minti biyar su cika na ce amin, wani lokaci ma hankalina ya riga ni isa kasuwa. Wanda ya fara nuna mini cewa da gyara a wannan hali wani dattijo ne da ke koyar da ajin manya a makarantar Lahadi ta ikilisiyarmu. Wata rana ya ɗauki alli ya zana fili mai kusurwa huɗu a allo, ya bar masa ƙofa ɗaya tak ta gabas, sannan ya dube ni ya ce, “Ɗana, ka taɓa ganin baƙon da ya faɗa turakar maigida bai yi sallama a zaure ba?” Na ce, “Ban taɓa ba, Baba.” Ya ce to, mu buɗe littafin Fitowa.

Abin da ya zana shi ne Alfarwa ta sujada, wadda aka umarci Musa ya yi a jeji bisa fasalin da aka nuna masa a kan dutse, Bezalel da Oholiyab kuma suka jagoranci aikinta, kamar yadda yake tun daga sura 25 har zuwa 40. Farfajiyarta kamu 100 ce a tsawo, kamu 50 a faɗi, kuma duk wanda ya taɓa ganin ana awon yadi daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa ya san abin da ake nufi da kamu. Bin kayan wannan Alfarwa ɗaya bayan ɗaya a cikin addu'a ba dabarar dattijonmu ba ce shi kaɗai, domin Fasto David Yonggi Cho na birnin Seoul a Koriya ta Kudu, wanda ya rasu a 2021, ya daɗe yana koyar da ita, daga can kuma ta bazu zuwa ikilisiyoyi da yawa.

Ƙofa ita ce godiya, kamar yadda Zabura 100 ta ce a shiga ƙofofinsa da godiya, wannan kuwa bai ba ni wuya ba. Inda na sha mamaki shi ne abin da mai shiga yake fara cin karo da shi. Ba zinariya ba ce, ba kuma ƙamshin turare ba, bagaden ƙona hadaya ne da aka dalaye da tagulla, kamu 5 a tsawo, 5 a faɗi, 3 a tsayi, wurin jini da toka da ƙaurin nama, wanda aka ce kada wutarsa ta taɓa mutuwa. Babu hanyar da firist zai bi ya kai ga Wuri Mai Tsarki, wato ɗakin farko na cikin Alfarwa, ba tare da ya wuce ta gabansa ba. A addu'a, nan ne nake tsayawa in tuna da gicciyen Almasihu, in tuna cewa ba don halina ko yawan zuwana sujada ake saurarona ba. Na lura cewa ranar da na yi wannan tsayuwa da gaske, muryar da nake roƙo da ita daga baya takan sauya, ta daina kama da ta mai bin bashi.

Tsakanin bagade da ƙofar Alfarwa akwai daro na tagulla, inda Haruna da 'ya'yansa suke wanke hannuwa da ƙafafu kafin su shiga hidima. A cikin kayan duka shi ne ya fi kama zuciyata, saboda wata 'yar magana da ke Fitowa 38:8, wadda na sha tsallakewa ban gani ba: da madubai na matan da ke hidima a ƙofar Alfarwa aka ƙera shi. Madubin wancan zamani tagulla ce da aka goge har ta yi ƙyalli, saboda haka abin da mata suke duba fuskarsu da shi ne ya zama wurin wanki. A wannan mataki nakan karanta 'yan ayoyi, in bar su su nuna mini kaina, in kuma kira laifina da sunansa, ba in lulluɓe shi da “Ka gafarta mana zunubanmu” in wuce ba. Wata safiya abin da na gani shi ne baƙar maganar da na yaɓa wa matata daren jiya a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ban iya ci gaba ba sai da na tashi na same ta tana hura wuta na ba ta haƙuri.

A cikin Wuri Mai Tsarki akwai alkuki na zinariya tsantsa mai fitilu 7 a gefen kudu, da tebur a gefen arewa mai ɗauke da gurasa 12 da ake sauyawa kowace Asabar. A wurin alkuki ina neman hasken Ruhu Mai Tsarki, a wurin tebur kuma ina gode wa Allah saboda Maganarsa da abincin yini. Sai bagaden ƙona turare, ɗan ƙarami, kamu 1 a kowane gefe, kamu 2 a tsayi, wanda ke dab da labulen da ya raba wannan ɗaki da na ƙurya, wato Wuri Mafi Tsarki, ana ƙona turare a kansa safe da yamma. Mai Zabura ya roƙi addu'arsa ta zama kamar turare a gaban Allah, kuma a nan ne, bayan duk wannan tafiya, jerin buƙatuna ya sami mazauninsa. Tun da Haruna yakan shiga ɗauke da sunayen kabilun Isra'ila 12 a kafaɗunsa da ƙirjinsa, ni ma na koyi sa sunayen wasu gaba da nawa.

Duk da haka, ina da ja da yadda wasu ke koyar da wannan tsari kamar farilla. Babu inda Littafi Mai Tsarki ya umarci mai bi ya yi addu'a ta wannan hanya, kuma da almajirai suka roƙi Yesu ya koya musu, Addu'ar Ubangiji ya ba su. A dā babban firist kaɗai ke wuce labule zuwa Wuri Mafi Tsarki, inda Akwatin Alkawari yake, sau ɗaya a shekara a Ranar Kafara, amma Matiyu 27:51 ya shaida cewa sa'ad da Yesu ya mutu labulen Haikali, wato ginin sujada na Urushalima da ya gaji Alfarwa, ya tsage biyu daga sama har ƙasa, wasiƙar Ibraniyawa kuma ta ce mu matso da gaba gaɗi. Ni kaina na taɓa mai da tsarin doka, har in na tsallake daro sai in ji kamar addu'ar ba ta karɓu ba. Daren da zazzaɓi ya rufe autarmu jikinta ya yi zafi kamar garwashi, ban tuna da ƙofa ko alkuki ba, abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, “Ya Uba, ka taimake mu.”

Da na ba dattijon wannan labari bayan sujada, sai ya yi murmushi ya ce, “Baƙo ne ke jira a zaure, ɗan gida kuwa in wuta ta kama shi da gudu yake shiga.” Har yanzu ina bin tsarin a yawancin safiya, kuma matakin ƙarshe ne ya fi ba ni wuya. A can, a bisa murfin Akwatin, tsakanin kerubobi biyu, wato siffofin halittun sama masu fikafikai, Allah ya ce wa Musa zai sadu da shi ya yi masa magana, saboda haka nakan rufe bakina in zauna shiru. Yau da safe na kai kusan minti uku kafin zakaran maƙwabta ya ɗauke mini hankali.